Mills .75 daga gwangwanin alewa: littafin aikin tayar da tsohon inji

4 ga Nuwamba, 2023

Yau na dawo gida da abin da uwargida ta kira "guntun ƙarfe a gwangwanin alewa". A kasuwar gwanjon masu wasan ƙananan jirage na samo shi, wadda suke ci a zauren taron wani ƙauye, tafiyar kusan minti 40 daga gidanmu a nan Ingila. Teburin wani dattijo ne, cike da tarkace: farfeloli masu tsagu, tayoyi, tsofaffin mujallu. Cikin gwangwanin, a naɗe da tsumma, ga ɗan baƙin inji wanda bai kai tsawon babban yatsana biyu ba. Na kama bakin shaf ɗin, wato sandar da ake ɗaura wa farfela, na murɗa, ko motsi. Dattijon ya ce tun yana ɗan makaranta rabon da ya ji kukansa. Fam 20 na ba shi, bai ko yi ciniki ba.

Mills .75 ne, injin ƙaramin jirgin sama na wasa. Kamfanin Mills Brothers ne ya riƙa ƙera su a garin Woking tun ƙarshen shekarun 1940, bayan babban wansa mai lamba 1.3 da ya fito a 1946, har zuwa wajen tsakiyar shekarun 1960. Daga baya an ci gaba da yin irinsa a Indiya, wasu kuma suka kwaikwaye shi a Ostareliya da nan Ingila da Sin, saboda mutane sun ƙi rabuwa da shi. Faɗin silindarsa milimita 8.4 ne, fistin yana tafiyar kusan milimita 13 daga ƙasa zuwa sama. Duka cikinsa bai cika sisi (cc, ma'aunin girman inji) ɗaya ba, 0.73 ne in an yi lissafi da kyau. Injin ƙaramin babur ya ninka shi fiye da sau ɗari.

A Zariya na tashi, inda ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgi suke wuni suna zagaye a kanmu. Mukan feƙe karan dawa mu yi namu, mu soka tsinke a hanci, mu maƙala farfelar ɓawon kara, mu yi ta gudu don ta juya. Ƙafafunmu ne injin. Da a ce wani ya gaya mini a lokacin cewa akwai inji na gaske da zai shiga aljihun rigata, da na ce tatsuniya yake yi.

Abin da ido ya gani yau: tanki ya tsage, allurar mai ta lanƙwashe, akwai tabon filaya a fikafikan sanyaya kai, kuma ko'ina ya sha wani jan danƙo mai tauri kamar ƙaro.

5 ga Nuwamba

Babban ɗana ya juya shi ya juya, ya ce, "Abba, ina fulogin?" Babu. Ba shi da fulogi, ba shi da batir, ba shi da waya ko ɗaya. Shi ya sa ake ce masa dizal, duk da cewa in ka zuba masa man gas na mota ba zai ko yi tari ba, kuma ba shi da injekta irin ta tirela. Mai da iska suna haɗuwa a kafireta, su shiga ƙasan fistin, su hau sama, fistin ya matse su har zafin matsin ya kunna su. Shi ke nan.

Abin tambaya shi ne, in babu fulogi, wa zai ce wa wutar ta kama yanzu ba ɗazu ba? Rufin silindar ba a kafe yake ba. Wani ƙaramin fistin ne a can sama yana fuskantar na ƙasa, kuma akwai sukuru mai ɗan hannu a bisansa. Ka ɗaure sukurun, ƙaramin ya sauko, ɗaki ya ƙuntata, matsi ya ƙaru, wuta ta kama da wuri. Ka sassauta, ƙarfin fashewar ya mayar da shi sama, wuta ta jinkirta. Na rasa sunan da zan ba wannan ƙaramin fistin da Hausa, sai na ce masa kishiya, tunda ɗaki ɗaya suke da uwargidan kuma kullum fuska da fuska. Uwargidan gidan nan ba ta yi dariya ba. Sunan dai ya zauna.

Irin waɗannan injuna daga Turai suka taso. Dyno na ƙasar Suwizalan, wanda ya fito a 1941, shi ne ya fara karɓuwa a kasuwa. Kafin nan sai injin fetur mai fulogi, wanda dole jirgi ya ɗauki kwayil da batir, nauyi kan nauyi. Da aka gama yaƙi a 1945, yaron Ingila mai 'yan kuɗin aljihu ya samu inji wanda gwangwanin mai da yatsa kawai yake buƙata. Amurkawa kuwa sai suka bi wata hanyar, ta fulogi mai jan zare da man mesanol, wani sinadari dangin sifirit.

11 ga Nuwamba

Kafin in jiƙa shi a komai, sai da na tabbatar da irin ƙarfen gangar jikin. Na kankare ɗan wuri a ƙarƙashin kunnen da ake ɗaure shi, inda ba mai gani, na ɗiga ruwan binega. Nan take ya fara kumfa. Maganiziyam ne. Da alminiyam ne, da ba abin da zai faru.

Wannan ɗigon ya rushe mini shiri. Da niyyata in dafa shi cikin ruwan lagireto mai hana daskarewa, kamar yadda mutane da yawa suke yi wa injunan alminiyam, ko in tsoma shi a mesanol, wanda yake narkar da danƙon da sauri. Amma mesanol yana cin maganiziyam, kuma baƙin launin nan da ke jikinsa ba ado ba ne kawai, shi ne rigar da ta tsare shi daga ruɓewa duk shekarun nan. Na ga hotunan waɗanda aka wanke da ƙarfin tsiya, sun fito fari-fat da ramuka kamar fuskar mai zanzana. Saboda haka kananzir kawai. Na cire tanki, na nutsa sauran a kwalbar zuma, na rufe.

Jan danƙon nan man zurma ne. E, zurmar da take fitowa a juji a gida ba mai kula ta. Manta ba ya gudu daga ƙarfe in zafi ya yi zafi, shi ya sa jiragen yaƙin duniya na farko masu injin da ke juyawa da farfela suka dogara da shi, kuma daga sunansa na Turanci kamfanin Castrol ya samo nasa. Aibinsa ɗaya: in ya daɗe yana shan iska sai ya daskare ya zama gam. Amma gam ɗin da ya kulle injin shi ne kuma ya hana tsatsa shiga. Injin da aka wanke tas aka ajiye a busasshe ya fi ba ni tsoro.

18 ga Nuwamba

Mako guda a kananzir. Kananzir ya yi ja, shaf bai motsa ba. Na canza sabo na mayar. Hannuna yana ta ƙaiƙayin ɗaukar filaya. Na fita na share ganyen da ya cika tsakar gida.

25 ga Nuwamba

Zafi ne ya yi aikin da jiƙo ya kasa. Na goge kananzir ɗin tas, na bar shi ya sha iska, na ɗaura masa tsohuwar farfela don in samu abin riƙo, sannan na bi shi da na'urar hura iska mai zafi, a hankali, har ya kai in na taɓa sai in janye yatsa. Ba harshen wuta ba, don maganiziyam ba abokin wasan wuta ba ne. Na riƙa girgiza farfelar dama da hagu, ba murɗawa ba, lallashi. Can sai na ji ta ɗan saki, kamar haƙorin yaro da ya fara girgiɗi. Na ɗiga mai ta ramin hayaƙi, na ƙara zafi. Bayan kusan rabin sa'a shaf ya zagaya sau ɗaya cur.

Dalilin lallashin shi ne sandar da ta haɗa fistin da shaf. Ba ta fi ashana biyu kauri ba. In fistin yana maƙale ka murɗa farfela da ƙarfi, ita ce za ta biya bashin, kuma in ta lanƙwashe ko kaɗan, injin ba zai sake tafiya daidai ba.

Kan mai fikafikai murɗe shi ake yi. Wanda ya riga ni ya damƙe shi da filaya, ga sawun haƙoran nan har abada. Allah ya yafe masa, wataƙila yaro ne ɗan shekara 12 a lokacin. Ni na huda rami a guntun katako daidai faɗinsa, na tsaga katakon biyu, na rungume kan da shi a bayis, matsin ƙarfen da ake kafawa a teburin aiki. Ya kwance ba ko ƙwarzane. Murfin baya ma sai da na yi masa mabuɗi na musamman daga guntun ƙarfe mai faɗi, don sukundireba ɓata ramin take yi.

Kafin in zare silinda na ɗauki hoto ta kowace kusurwa, na kuma yi mata alama da alƙalami. Ramukan jikinta kowanne da aikinsa: na baya yana shan mai daga kafireta, na gaba yana haye da shi sama, na gefe biyu suna fitar da hayaƙi. Babu bawul ko ɗaya, fistin ɗin ne da kansa yake buɗewa yana rufewa. Ka juya silinda baibai, sai ka shekara kana bugun farfela a banza. Fistin ma haka, yadda ya fito haka zai koma.

Kishiya ce ta ƙarshe. Zafi, sandar katako, ɗan bugu da ƙaramar guduma. Ta fito baƙa wuluk.

9 ga Disamba

Makonni biyu na wanki, a ɗan ɗakin katakon da ke bayan gida, cikin sanyin da yake sa yatsu su manta sunansu. Tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace, auduga. Sassan ƙarfe zalla na jiƙa su a asiton, sinadarin da ke narkar da maiƙo, gangar jiki kuwa kananzir da haƙuri.

Abin farin ciki: silinda ba tsatsa, ba zane. Na shafa wa fistin mai na tura shi daga ƙasa, ya tafi sumul har kusan sama, sai ya fara cijewa. Haka ake so. Fistin ɗin nan ba shi da zobe. Silindar an yi ta da ɗan tsukewa ta sama, tsukewar da ido ba ya gani, kuma wannan cijewar ita ce duk abin da ke riƙe matsi. In ta tafi, injin ya zama abin ado. Shi ya sa ban kusanci cikin silindar da takardar yashi ba, ko mai laushin gaske. Akwai ɗan launin ruwan ƙasa da ya rage a jikin fistin, na bar masa kayansa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Shaf yana da ɗan wasa gaba da baya, babu na sama da ƙasa. Lafiya lau.

Kafireta ta fi ba ni wahala. Ramin da mai ke fitowa ya toshe ɗam. Na zare silin waya ɗaya na jan ƙarfe daga tsohuwar wayar lantarki na bi shi da shi, don jan ƙarfe ya fi tagullar da aka huda ramin a jikinta laushi, ba zai faɗaɗa ramin ba. Allura na miƙe ta a kan gilashi, ina mirginawa ina dubawa. Tanki kam ya gama yawo: robar ta yi rawaya, ta ƙanƙance, ta tsage. Na yi odar sabo daga masu yin kwafin kayan tsofaffin injuna. Tsohon na mayar gwangwanin alewa.

30 ga Disamba

Na yanka gasket na murfin baya daga takardar ambulan, na haɗa komai, na ɗaura farfela mai tsawon inci 8. Na buga. Maimakon ƙarar "ɗas" mai tsalle da nake jira, sai wani laushi kamar an taka tumatir. Na ɗiga mai a saman kishiya, na juya a hankali: ga kumfa tana tsattsafowa ta gefenta. Na sake kwancewa, na tura ta da yatsa, ta zurma ta faɗo ta ƙasa.

Ashe danƙon ne yake riƙe da ita. Na wanke mata asiri.

Na kira wani dattijo a ƙungiyarmu ta masu tashin jirage, wanda ya haura 80 kuma ya fara wannan harka tun kafin a haife ni. Ya ce akwai dabarar 'yan gaggawa: a ɗora ƙwallon boris a cikin kishiyar a buga da guduma ta ɗan buɗe. Wani lokaci ta yi, wani lokaci ta fashe, wani lokaci ta zama ƙwai maimakon da'ira. Ya ce tunda ina da ɗan injin feƙe ƙarfe, in yi sabuwa. Na ce ban taɓa yin aiki mai tsanani haka ba. Ya ce to, zan yi uku ke nan.

13 ga Janairu, 2024

Ta farko. Na samo guntun sandar ƙarfen zubi, na feƙe shi har ya rage kaɗan ya kai faɗin silinda, na raraƙe cikinsa ya zama kamar ɗan kofi, don siririn bango yana ba shi 'yar tsalle ya kama jikin silinda. Ƙarfen zubi ba ya fitar da dogon zare in ana feƙe shi, gari yake zubarwa, baƙi, ya shiga hanci ya shiga farce.

Sauran aikin ba na wuƙa ba ne, na gurza ne. Na yi zobe na alminiyam mai tsaga da sukurun matsewa, na shafa masa man gurza mai laushi ƙwarai, ina zagaya shi a kan kishiyar tana juyawa a hankali. A gurza, a wanke, a gwada. Ma'aunina yana karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Abin da ke tsakanin "ta matse" da "ta yi sako-sako" bai kai rabin wannan ba. Ma'auni yana kai ka bakin ƙofa ne kawai, daga nan sai yatsa.

Ta fara shiga bakin silinda da ƙyar. Na ce bari in ƙara mata zagaye goma in huta. Na ƙara. Ta shige sulluɓ kamar tsohuwar. Awa 4 sun tafi.

20 ga Janairu

Ta biyu. Tsoron ta farko ya sa na tsaya da wuri. Na buga ta ta shiga, na haɗa injin, matsi ya dawo har farfela tana tsalle. Na yi murna na minti biyar. Sai na ɗaure sukuru ta sauka, na sassauta, na buga farfela, ta ƙi komawa sama. Kishiyar da ta sauka ta ƙi hawa ta fi mai yoyo haɗari, domin in matsi ya yi yawa ba ka da hanyar rage shi, injin zai yi ta dukan kansa har sanda ta lanƙwashe. Wajen fitar da ita na ɓata mata baki.

Dattijon bai yi kuskuren lissafi ba.

3 ga Fabrairu

Ta uku. Wannan karon na sa wa kaina doka: zagaye uku, wanki, gwaji. Kuma ba na gwadawa sai ta huce, don na gano cewa ɗumin gurza da na hannu yana kumbura ta, ta yi kamar ta matse alhali ƙarya ne. Wataƙila abin da ya cuce ni a ta farko ke nan. Na ajiye silinda da kishiya a wuri ɗaya, in sha shayi, in dawo.

Abin da nake nema: babban yatsa ya iya shigar da ita kusan rabi, sauran sai da ɗan bugu mai sauƙi. Da na kai wurin na sani, ba don ma'auni ya faɗa ba, shi lamba ɗaya yake nuna mini tun zagaye tara da suka wuce. Wani irin riƙo ne mai santsi, kamar murfin kwalbar turare na gilashi.

Daga nan wanki, sau uku, da buroshi da sabon asiton kowane karo, domin ƙwayar man gurza ɗaya da ta rage za ta ci gaba da aikinta a cikin injin har ta cinye cijewar nan da nake ta tattali. Na haɗa. Na ɗaure sukuru, na sassauta, na buga farfela da ƙarfi, na ji "ƙas": kishiya ta koma ta daki sukuru. Na shiga gida ina ta murmushi. Uwargida ta ce, "Malam, ya tashi ne?" Na ce a'a, amma ya yi ƙas. Ta dube ni ta ci gaba da yankan albasarta.

17 ga Fabrairu

Ranar da na sa ran ji, ranar da na sha kunya. Na kafa shi a katako, na damƙe katakon a tebur a waje. Wani abokin wasa ya ba ni ragowar gwangwanin mai da ya daɗe a garejinsa. Na cika tanki, na toshe bakin kafireta da yatsa na juya sau biyu, na fara bugu. Shiru. Na ƙara matsi. Shiru. Na ƙara mai. Sai farfela ta tsaya cak kamar ta daki bango.

Nan ne ake kashe injunan nan. Mai ya cika saman fistin, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Da na'urar tayarwa ta lantarki nake amfani da ita, da sanda ta tafi. Wannan ne ya sa ba a kusantar ƙaramin dizal da ita, yatsa yana jin abin da na'ura ba ta ji. Na sassauta sukuru sosai, na kifa injin, na zubar da man ta ramin hayaƙi. Na sake. Awa guda da rabi, kafaɗa ta gaji, yatsa ya kumbura, ko tari ɗaya.

Da dare na kwanta ina zargin kishiya, ina zargin gasket, ina zargin kaina. Sai na tuna ban ji warin da ya kamata ba lokacin da na buɗe gwangwanin. Man injin nan abu uku ne, kuma ga irin su Mills kusan kashi ɗaya-ɗaya ake haɗawa: kananzir mai ba da ƙarfi, man zurma mai santsi da toshe kafa, sai eta, ruwan nan da likitoci suke sa wa mutum barci da shi a tiyata a da. Eta ce ashanar. Tana kamawa da wuta a zafin da bai kai na kananzir ba, ita take fara ci ta kunna sauran. Kuma tana tafasa a digiri 34.6 kacal. Wato da rana a Sakkwato cikin watan Afrilu, a buɗaɗɗen kofi, tafasa za ta yi ba tare da an hura wuta ba. Gwangwanin da murfinsa bai kama da kyau ba, ko a sanyin Ingila, shekara biyu sun isa ta gudu ta bar kananzir da mai. Abin da na wuni ina bugawa ke nan.

2 ga Maris

Sabon gwangwani ya iso. Ina buɗewa warin ya daki hancina, mai zaƙi, mai hawa kai. A waje ake wannan aiki, nesa da duk wani abu mai wuta, don tururin eta ya fi iska nauyi, bin ƙasa yake yi yana neman tartsatsi.

Sanyi ya yi yawa, sai na ɗumama kan injin a tafin hannu. Na ɗaura farfela yadda za ta fara cijewa tana kwance, don bugu ya zo daidai. Allura zagaye biyu da rabi. Na rufe ramin hayaƙi da fistin na ɗiga ɗigo ɗaya a gefensa, ɗaya tak. Bugu na huɗu ya ce "burr" ya yi shiru. Na ɗaure sukuru kwatan zagaye. "Burrr… burr." Wani ɗan kaɗan. Sai ya kama.

Iska kuwa sai ta bugo ni a fuska, ni da nake tsaye a gaba. Baya yake juyawa! Injin da fistin ke buɗe masa ƙofar mai bai damu da dama ko hagu ba, duk inda ya samu kansa tafiya yake. Na toshe kafireta ya mutu, na sake bugawa da ƙarfi, ya tashi daidai. 'Yata tana tsalle a bakin ƙofa tana kiran, "Umma, fito ki ga, guntun ƙarfen Abba yana kuka!"

Kukan ba irin ihun injunan zamani ba ne. Gurnani ne mai kauri, kamar ƙaton ƙudan zuma a cikin tulu. Doguwar tafiyar fistin ce ta ba shi wannan, ba ya son gudu, ya fi son juya babbar farfela a natse.

Daga nan sai saurare. In yana tsallake bugu, yana "fat, fat-fat", matsi ya yi kaɗan. In ya fara nishi, gudu yana raguwa, man da ke fita ya yi baƙi, matsi ya yi yawa, a sassauta maza. Kuma yana ɗumama yana buƙatar a rage masa, domin zafin jikinsa yana sa wutar ta riƙa kamawa da wuri. Na ji wannan da kunnena: bayan rabin minti ya fara nauyi, na sassauta kaɗan, kishiya ta bi sukuru ta hau, murya ta washe. Makonni uku na gurza saboda wannan 'yar hawan aka yi su. Allura da sukuru kuma ba sa rabuwa, ka taɓa ɗaya sai ka gyara ɗayan.

Tanki shida na ƙona, ina barinsa ya huce a tsakani. Man da ke fita ruwan zuma ne, ba baƙi, ba ƙyallin ƙarfe. Na'urar ƙirga juyi ta nuna kusan 6,800 a minti da farfelar inci 8. Ban matsa masa ya wuce haka ba. Ladan ranar: yanka ɗaya a yatsan tsakiya, da rigar sanyi da uwargida ta ce ba za ta shiga injin wankinta ba.

9 ga Maris

Azumi ya ƙarato. Na wanke shi da kananzir, na ɗiga masa man keken ɗinki ta kafireta da ramin hayaƙi, na juya, na naɗe. Ba zan bar zurma ta sake kulle shi ba. Na lura da ɗan yoyo a murfin baya, takardar ambulan ta yi siriri. Sai bayan Salla.

20 ga Afrilu

Sabon gasket daga takarda mai ɗan kauri, yoyo ya tsaya. Ban taɓa allura ko sukuru daga inda na bar su ba, sai ɗan ƙarin matsi don yana da sanyi. Bugu na uku ya tashi. Na kai shi filin ƙungiya, dattijon ya sa gilashinsa, ya juya farfelar a hankali kusa da kunnensa, ya sake juyawa. Ya tambaya ta nawa ce wannan. Na ce ta uku. Ya gyaɗa kai ya miƙo mini.

Ya zo mini da zanen Tomboy, jirgin da Vic Smeed ya fitar a 1950, mai faɗin fikafikai inci 36, wanda tun asali da irin wannan injin ake tashinsa. Katakon balsa ne da takarda, ba rediyo, ba linzami. Mai na 'yan daƙiƙoƙi ake zuba masa, a sake shi ya hau yana zagaye, injin ya mutu, ya sauko da kansa inda iska ta ga dama. Dattijon ya ce in rubuta lambar wayata a jikinsa tun kafin in manna fikafikai, kuma kada in cika tanki ko da wasa, don shi nasa na farko haka ya bi gajimare bai dawo ba.

Zanen yana shimfiɗe a teburin cin abinci yanzu, an danne kusurwoyinsa da kofuna. An ba ni wa'adi zuwa Juma'a in kwashe shi. Balsa za ta iso ranar Laraba.